Sharuɗɗan Digiri na Biyu a Fannin Jagoranci da Ba da Shawara: Sharhi Daga Ƙasar Birnin Gwari

Abin da wannan takarda take nufi shi ne ta duba ƙa'idojin da jami'o'inmu suke auna ɗalibin digiri na biyu da su a fannin jagoranci da ba da shawara, sa'an nan ta tambaya ko wanda ya cika waɗannan ƙa'idoji zai iya zama gaban yaro a wata makaranta ta Tsohon Birnin Gwari ya amfane shi.

Fannin ba tsoho ba ne a ƙasar nan. Masana sukan faro tarihinsa daga 1959, lokacin da malaman makarantar St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje don su yi wa ɗalibansu bayanin sana'o'i. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya ba shi gurbi a makarantu, kuma a 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta kula da masu wannan aiki. Watau dai an haifi fannin ne don taimaka wa yaro ya zaɓi darasi da sana'a, kuma har yau kwasakwasansa suna ɗauke da kamannin wannan asali.

Abin da ake nema daga ɗalibi sananne ne ga kowa a ɗakin nan. Zai yi kwasakwasai, ya sami aƙalla maki 50 cikin 100 a kowane ɗaya, ya fita gwajin aiki, ya gabatar da tsarin bincikensa, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malaman sashe da kuma mai jarrabawa daga wata jami'a, duk a cikin wa'adin da aka yanka masa. Ba ni da ja a kan kwasakwasan. Inda nake da magana shi ne yadda aka raba nauyi tsakanin kundi da gwajin aiki.

A Amurka, hukumar CACREP, wadda aka kafa a 1981 don tantance irin wannan karatu, ta wajabta wa ɗalibi awa 100 na gwajin farko da awa 600 na gwajin ƙarshe, kuma awa 240 daga cikin 600 ɗin dole ne ya yi su ido da ido da masu neman shawara, ƙarƙashin kulawar gwani. Ban kawo wannan don a kwaikwayi Amurka a komai ba, sai don a ga cewa can awa ake ƙirgawa, mu kuwa takarda muke dubawa. Ni kaina da na yi nawa digirin, makonni kaɗan na yi a wata sakandare ta cikin gari, mai duba ni ya zo sau ɗaya, ya buɗe littafin rahotona, ya sa hannu, ya tafi. Bai taɓa jin yadda nake magana da ɗalibi ba. Kundina kuwa sai da ya dawo mini sau biyar, yawanci saboda waƙafi da jerin manazarta. To, idan kafinta aka ba shaida a kan iya bayanin kujera alhali ba a ga ya haɗa ko ɗaya ba, ai duk wanda ya zauna a kanta ya zauna da shirin faɗuwa.

Yanzu mu koma ga yaron da za a yi wa aikin. Ƙasar Birnin Gwari, da dazukan Kamuku da Kuyambana da suke maƙwabtaka da ita, ta shafe shekaru cikin fitinar 'yan bindiga. A watan Mayu na 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska. A watan Maris na 2021 an shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku. A ranar 7 ga Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta Ƙaramar Hukumar Chikun, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. A ƙarshen 2024 an yi sulhu, har Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, amma sulhu ba ya goge abin da yaro ya gani da idonsa. Yaron da ya kwana a jeji, ko aka sayar da gonar gidansu don biyan kuɗin fansar mahaifinsa, ko ya yi shekara biyu ba makaranta ya dawo aji ɗaya da ƙannensa, matsalarsa ta wuce zaɓi tsakanin kimiyya da kasuwanci. Zai riƙa firgita, barci ya ƙaurace masa, hankalinsa ya ƙi zama a kan allo, malami kuma ya ɗauka taurin kai ne ya kai masa bulala. Ya kamata kula da irin wannan rauni na zuciya ya zama sharaɗin kammala digiri ga duk wanda zai yi aiki a Arewa, a kuma jarraba shi a aikace.

Kundin ma da muke ji da shi yana da nasa laifi. Da yake ɗalibi yana tseren wa'adi, sai ya zaɓi makarantun da zai iya zuwa ya dawo da rana, ya raba takardun tambayoyi da Ingilishi, ya tara lissafi, ya fitar da sakamako. Ba na ganin laifinsa, rai ba ya da na biyu. Sai dai sakamakon haka shi ne wuraren da suka fi bukatar bincike su ne alƙalami ya fi ƙaurace musu. Me zai hana a karɓi cikakken rahoto a kan yara biyar ko shida da ɗalibi ya bi lamarinsu tsawon zango biyu, a ba shi matsayin kundi, muddin an kiyaye sirrinsu?

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi damuna a matsayina na mai koyar da malaman gobe. Littattafan da muka karanta sun ginu a kan cewa mai neman shawara zai dubi idon mai ba shi shawara ya faɗi abin da ke ransa. Ɗan Bahaushe kuwa tarbiyyarsa ita ce ya sunkuyar da kai gaban babba, in an tambaye shi ya ce lafiya lau. Yarinyar da aka yi wa abin da ba ya faɗuwa, kunya da tsoron bakin duniya sun isa su rufe mata baki, balle a gaban namiji baƙo. Mai ba da shawara a Tsohon Birnin Gwari dole ya san ta inda ake shiga gida, ya san lokacin da zai nemi goggo ko kaka, da lokacin da zai je ga liman ko mai unguwa, ya kuma san bambancin haƙurin da ke warkarwa da haƙurin da ke danne ciwo. Duk wannan da Hausa ake yin sa. Amma mutum yana iya kammala digirinsa ba a taɓa sauraronsa yana ba da shawara da Hausa ko na minti goma ba, kuma har yanzu kowane malami da tasa fassarar yake amfani a aji. Wannan aiki ne da sassan Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero za su iya haɗa hannu da sassan ilimi su yi.

Game da wa'adi, ba zan tsawaita ba. Yajin aikin ƙungiyar ASUU ya ci wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Malamin makaranta da yake fitowa daga Tsohon Birnin Gwari zuwa Zariya ko Kano yana da ƙarin cikas na hanya, domin an yi lokutan da matafiya ba sa bin hanyar Kaduna sai da rakiyar jami'an tsaro. Shi ne kuma mutumin da ya fi dacewa a horar, tun da can iyalinsa suke, can zai koma. Na san za a ce sassauci yana zubar da darajar digiri. Abin da nake nema a sassauta shi ne kwanaki kawai: a ba irin wannan ɗalibi damar dakatar da karatu a rubuce ba tare da an lissafa masa lokacin ba, a yarda ya yi gwajin aikinsa a makarantar da yake koyarwa, yana naɗar zamansa da ɗalibai bisa yardar iyayensu, mai duba shi ya saurara su tattauna ta waya. A madadin haka sai a tsaurara masa awoyin gwajin, a rubuta adadinsu a cikin ƙa'idojin jami'a, kada a ba shi izinin kare kundi sai ya cika su.