Modil Ba Ranar Kasuwa Ba Ce

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a Nijar a watan Maris na 2020, darasi ya koma cikin salula, kuma har yau bai gama fitowa ba. Ban ƙi wannan ba. Ɗalibin da ya tafi hutu Kance ko Matamaye yana iya bin karatunsa ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Damagaram ba. Abin da nake suka shi ne yadda ake jera darussan.

Manhajar Moodle, wadda ta fito a 2002, tana ba malami zaɓi: ya jera darasi mako-mako, ko batu-batu. Da yawa sai su ɗauki mako-mako don shi ya fi sauƙi. A WhatsApp kuwa ko wannan babu: PDF yau, murya gobe, tsakaninsu barka da Juma'a guda talatin. To amma mako ai ba batu ba ne. "Mako na 4" bai gaya wa kowa abin da ya kamata ya sani kafin ya buɗe shi ba.

Mu ɗauki fanninmu. Darasin nahawun Hausa yakan bi tsarin littattafan Faransanci: sauti, ginin kalma, ginin jimla, kowane a ɗakinsa, an ja ƙofa. Karin sauti da tsawon wasali ana gama su a modil na farko, a shafi biyu, da misalin kuka na hawaye da kuka ta miya, da gari na mutane da gari na tuwo. Shi ke nan, an wuce. Can a modil na biyar sai ga azuzuwan aikatau bakwai na Parsons, waɗanda ya fitar a 1960. Da me ake gane ajin? Da karin sauti da wasalin ƙarshe. Kama, kame, kamo, kamu: saiwa ɗaya ce, wasali da kari ne suka raba su. Rubutunmu na yau da kullum kuma ba ya nuna kari ko tsawo. Ke nan ɗalibi yana kallon fayil bebe, ana tambayarsa abin da kunne kaɗai ke ji. Wallahi fayil ɗin murya na minti biyu, a maƙale da wannan modil ɗin, ya fi shafi goma, kuma ba ya cinye mega kamar bidiyo. Wanda ya taɓa ɗaga salula sama yana neman rezo ya san darajar wannan.

Wani zai ce ai Paul Newman ma, a babban littafinsa na 2000, bisa jerin abacada ya tsara babukansa. Gaskiya ne. Amma wancan littafin dubawa ne, na wanda ya riga ya san abin da yake nema. Ɗan shekarar farko ta lisans bai sani ba tukuna.

Malamin tsangaya, da ake rainawa, bai taɓa jera karatu da kalanda ba. Babbaƙu, sannan farfaru, sannan zube, kuma almajiri ba ya wanke allo sai ya biya. Ko zube ya kai, in ya yi tuntuɓe a wasali, a nan take malam zai maido shi. Haka nake so a yi: kowane modil ya faɗi a kansa abin da ya dogara da shi, kari kuma ya biyo ɗalibi daga modil na farko har ginin jimla.