Makahon da Idonsa Garau: Gitocin Lonnie Johnson da Eddie Lang

A kan fayafayan da kamfanin OKeh ya fitar a Amurka a 1928 da 1929, akwai sunan da aka rubuta kusa da na Lonnie Johnson, wato Blind Willie Dunn, Willie Dunn makaho ke nan. Babu wani makaɗi mai wannan suna. Wanda ke riƙe da gita ta biyu farar fata ne, ɗan Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Filadelfiya, sunansa na yanka Salvatore Massaro, duniya kuma ta san shi da Eddie Lang. Idonsa garau yake. Johnson baƙar fata ne daga New Orleans, kuma a Amurkar wancan zamani kasuwar fayafayan baƙaƙe daban take da ta farare. Sai aka laƙaba wa Lang sunan da zai sa mai saye ya ɗauka wani makahon mawaƙi ne daga karkarar kudu.

Kiɗa guda goma suka naɗa su biyu, babu waƙa, babu ganga, babu gitar lantarki. Kowane kiɗa minti uku ne da 'yan kai, iya abin da fuskar faifai ke ɗauka, kuma babu damar yanka da liƙi. Abin da hannu ya yi, shi za a ji.

Yawanci Johnson ake yaba wa, kuma ya cancanta. Shi ke jan gaba. Tsirkiya ɗaya-ɗaya yake bi, yana tura ta da yatsa har sautin ya lanƙwashe kamar muryar mai shirin kuka, sannan ya sake ta ya zubo da wasu sautukan a guje. A "Hot Fingers" gudunsa ya kai inda mai sauraro zai yi tsammanin zai yi tuntuɓe, amma ba ya yi. Salon blues ne tsantsa, wanda kunne ke koya tun yarinta.

Ni dai kunnena na wajen Lang. Mutumin nan ya fara da koyon goge irin na Turawa, ya san yadda ake haɗa sautuka uku ko huɗu su tafi tare, kuma a lokacin yana cikin makaɗan gita da aka fi nema a New York. Da ya so nuna kansa, yana da abin nunawa. Amma sai ya koma baya ya riƙe ƙasa. Ka saurari "Have to Change Keys to Play These Blues", ka ɗauke hankalinka daga Johnson na ɗan lokaci. Za ka ji manyan tsirkiyoyin Lang suna tafiya taki-taki, suna hawa suna sauka, duk inda Johnson ya ja numfashi sai su cike gurbin, da ya dawo kuma sai su ba shi hanya. Aikin ɗan amshi ne wanda ya san waƙar kamar yadda ubangidansa ya san ta. A 'yan wuraren da suka yi musayar matsayi, bambancin ya fi fitowa: Lang yana ajiye kowane sauti a tsanake, kamar mai ƙirga kuɗi, a wasu lokutan ma har da ɗan tauri. Ba ya kwaikwayon kukan gitar Johnson, domin ya san ba nasa ba ne.

A nan nake rabuwa da masu ɗaukar faifan Friday Night in San Francisco a matsayin ƙololuwar wannan fanni. An naɗe shi a gaban jama'a a watan Disamba na 1980, kuma ya buɗe da "Mediterranean Sundance", inda Al Di Meola da Paco de Lucía suka kwashe sama da minti goma sha ɗaya suna fafatawa. Bambancin salo yana nan: Di Meola da ɗan abin kaɗawa a kan tsirkiyar ƙarfe, Paco da yatsu da farce irin na makaɗan flamenko na Sifaniya. Gwaninta kam ba a magana. Sai dai da tafiya ta yi nisa, abin ya zama dambe, kowa na jiran abokinsa ya sauke hannu ya kai nasa naushin, 'yan kallo na ihu. Idan an kai ƙarshen gudu, salon biyu sukan narke su zama abu guda, sai ka duba ta wane ɓangaren lasifika sautin ke fitowa kafin ka san mai shi. A fayafayan 1929 makirufo bai raba su hagu da dama ba, amma ba za ka taɓa ruɗa hannun Johnson da na Lang ba.

Aibin fayafayan a fili yake. Yawancinsu a kan ginin blues iri ɗaya suke, kuma Johnson na da 'yan jimlolin kiɗa da yake yawan komawa gare su, ta yadda wanda ya saurari goman a zama ɗaya zai fara gane abin da ke tafe. Biyu ko uku a lokaci guda sun fi daɗi.

Ba su ƙara naɗar irin wannan kiɗa ba. Lang ya zama makaɗin Bing Crosby, ya rasu a 1933 bayan tiyatar maƙogwaro, yana da shekara 30. Johnson ya rayu har 1970. A ƙarshen shekarun 1950, lokacin da masu sha'awar tsohon kiɗa suka shiga nemansa, sun same shi yana aikin shara a wani otal a Filadelfiya, garin su Lang.