Sisili: gadon Musulunci da ake nuna wa baƙi a cikin coci

Duk littafin jagorar 'yan yawon buɗe ido da mutum ya ɗauka kan tsibirin Sisili, can kudancin Italiya, jerin kusan ɗaya ne: dutsen Etna mai aman wuta, kufan gidajen bautar Girkawa a Agrigento, tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Taormina, sai birnin Palermo. A Palermo kuwa babbar hajar ita ce abin da suke kira hanyar Larabawa da Normawa, gine-gine tara da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015, bakwai a cikin birnin, ɗaya a Monreale, ɗaya a Cefalù. Sunan yana jan hankalin Musulmi. Amma wanda ya ƙirga zai tarar coci shida ne, fada biyu, da gada ɗaya, kuma duk a ƙarni na 12 aka gina su, a ƙarƙashin sarakunan Normawa Kirista, bayan mulkin Musulmi ya riga ya faɗi.

Mulkin nan kuwa ba na kwana biyu ba ne. A 827 rundunar Aglabawa ta taso daga Tunusiya ta sauka a Mazara, kuma shugabanta ba baƙo ba ne ga wanda ya yi zaman zaure a ƙasar Hausa: Asadu ɗan Furatu, alƙalin Ƙairawan, wanda ya ɗauki karatu a wajen Imamu Malik, wanda kuma daga littafinsa Mudawwana ta Sahnun ta samo tushe. Palermo ta faɗa hannunsu a 831, ta zauna a hannun Musulmi har 1072. Ibn Hauƙal, da ya ziyarce ta wajen 973, ya ce masallatanta sun kai ɗari uku. A yau babu ko ɗaya a tsaye. Abin da mai jagora zai nuna maka shi ne ginshiƙi guda a ƙofar babban cocin birnin, da aya daga Suratul A'araf a sassaƙe a jikinsa, domin a filin nan masallacin Juma'a yake a da.

Wannan bai rage wa aikin da ke ciki kyau ba. Rufin Cappella Palatina, ɗakin ibadar fadar Sarki Roger na Biyu da aka keɓe a 1140, katako ne da aka sassaƙa rami-rami kamar saƙar zuma, aka zana masa makaɗa da mashaya da zakuna, da rubutun Larabci a gefe, salon da aka sani a Masar ta Fatimawa. Ƙasa da shi kuma hotunan annabawa ne na magina Girkawa, da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya. A fadar Zisa, wadda Sarki William na Ɗaya ya fara a 1165, ruwa na fitowa daga bango ya gangaro ta tsakiyar zaure don sanyaya ɗaki, dabarar mutanen ƙasar zafi. A can ne kuma aka ajiye wani dutsen kabari mai rubutu huɗu: Latin, Girkanci, Larabci, da haruffan Ibrananci. A fadar Roger kuwa Al-Idrisi ya kammala littafinsa da taswirar duniya a 1154, kudu a sama, har da Kawar da Kanem da Gao a ciki.

Matsalar tana ga labarin da ake ɗorawa a kan gine-ginen, wai zamani ne na zaman lafiya tsakanin addinai uku. Sarkin da ya ci ƙasa ya ɗauki magina da marubuta da likitocin waɗanda ya ci da yaƙi saboda su ne gwanaye, kuma saboda kwaikwayon fadar Alƙahira yana ƙara masa kwarjini. Ibn Jubair, wanda jirginsa ya fashe a Messina yana dawowa daga aikin Hajji a ƙarshen 1184, ya ga fuskokin biyu. Ya yaba wa Sarki William na Biyu da ke karanta Larabci, ya ga matan Kirista a Palermo sun yi lulluɓi da lalle irin na Musulmi. Amma ya kuma rubuta cewa an hana huɗubar Juma'a, bayin fada suna ɓoye imaninsu, kuma a Trapani wani uba ya miƙa 'yarsa ga ɗaya daga cikin mahajjatan ya aure ta ya fitar da ita daga ƙasar. Masu jagora sukan karanto rabin farko su yi shiru da na biyu. Ƙarshen labarin ma ba a cika kai shi ba: daga shekarun 1220 Sarki Frederick na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin zuwa Lucera, a can cikin Italiya, kuma a 1300 aka rushe wannan zama aka sayar da dubbai a bauta.

Ko jajayen ƙubbobin cocin San Giovanni degli Eremiti da na San Cataldo, waɗanda ke kan katin hoto a matsayin alamar Gabas, jan nasu bai girmi ƙarni na 19 ba. Giuseppe Patricolo, mai gyaran tsofaffin gine-gine, shi ya shafe su da shi. Abin da Turawan wancan lokaci suke zaton Larabawa za su so, shi baƙo ke ɗauka a wayarsa yau.

A ganina gadon Musulmin Sisili ya fi zama a wuraren da ba a yanka musu tikiti mai tsada. Akwai magudanan ruwa da aka haƙa a ƙarƙashin Palermo don shayar da lambuna, waɗanda sai da hular kwano da fitila ake shigarsu. Akwai lemun tsami da rake da auduga da suka bazu a tsibirin a zamaninsu. Akwai lungunan unguwar Kalsa, wadda Fatimawa suka kafa a 937, da kuskus ɗin kifi na Trapani. Noma da girki ba su da ƙubba, shi ya sa jerin wuraren kallo bai san inda zai sa su ba.

Sannan akwai mutanen da ke raye. A Mazara, inda Asadu ya sauka, 'yan Tunusiya sun shekara fiye da hamsin suna aiki a jiragen kamun kifi, su ne a tsohuwar unguwar da ake kira Kasba. A kasuwar Ballarò, tafiyar mintuna kaɗan daga fadar Roger, 'yan Ghana da Najeriya da Gambiya da Bangladesh na da shaguna da ɗakunan sallah a cikin gidajen haya, wasunsu ta Agadas da Libiya suka bi. Tsibirin Lampedusa, inda kwale-kwalensu suka fi sauka, a lardin Agrigento yake, lardin da motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa a ga gidajen bautar Girkawa.