Jinjina ga Masu Ɗinkin Ido da Haske

A Galma da kewayen Madawa, da an ce ciwon ido sai hankali ya tafi kan yana ko amodari. Amma akwai wanda ya fi su ɓoyon kai: ciwon suga da sikila kan lalata jijiyoyin jini na tantanin da ke can bayan ido, mutum bai ji zafi ba, sai ganin ya soma dushewa.

A nan masu aikin leza suka ciri tuta. Likita zai ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, ya ɗora ɗan gilashi a kanta, sannan ya rinƙa harba koren haske ɗigo-ɗigo, wani lokaci sama da ɗigo 1,000, yana ƙona wuraren da ke haifar da miyagun jijiyoyi. In tantanin ya yage, sai ya kewaye yagar da tabo, kamar mai lilin ƙwarya. Ba wuƙa, ba zare, mara lafiya kuma ya tashi da ƙafarsa.

Abin mamaki, da hasken rana aka faro. A 1949 wani likitan Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, ya tattaro rana daga rufin asibiti a Hamburg ya yi aikin. Ita leza sai 1960 aka ƙirƙiro ta.

Leza ba ta cika maido ganin da ya tafi ba, tsare wanda ya rage take yi. Shi ya sa nake jinjina har ga ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye da ke ce wa mai suga: "Baba, ka daure ka tafi birni a duba bayan idonka, tun kana gani."