Soron Madaki da Sakatariyar Siminti

A garuruwanmu yanzu, da zarar an ce za a gyara tsohon ofishin hakimi ko kotun alƙali, ka san abin da zai biyo baya: a kankare bango, a yaɓa siminti, a manna tayil, a ɗora rufin kwano mai tsini. Tun bayan sake fasalin ƙananan hukumomi a 1976, sakatariyoyinmu sai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Ana ɗauke wuta da rana, ma'aikata su kwashi kujeru su koma gindin dalbejiya. Ni dai ban ga ci gaba a nan ba.

A je Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a jihar Bauci. Akwai tsohon soro a gidan Madakin Bauci wanda ake kira Babban Gwani, wato laƙabin maginin da ya yi shi, Muhammadu Durugu na Zazzau, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Wurin zaman mulki ne a zamaninsa, inda ake fadanci ana sauraron talakawa. A 1956, tun Turawa ba su tafi ba, aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

Abin lura a irin wannan gini shi ne yadda magini ya shawo kan matsalar rufi ba tare da rodi ko siminti ba. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma in aka shimfiɗa ta ta yi tsawo da yawa, sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. Sai gwani ya riƙa dasa ta a jikin bango hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasa da ita, yana ɗaurewa yana lulluɓewa da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama baka. Bakuna kuma su gitta juna, su ɗauki rufin babban ɗaki. Kaurin bangon tubali shi ke tare zafin rana. Indararo ya fitar da ruwan damina nesa da bango, makuba ta hana shi jiƙewa. Wannan lissafi ne, ko da ba a takarda aka yi shi ba.

Masu son siminti suna da hujja, ba na musu. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, giginya ta yi ƙaranci, yaran magina kuma sun koma buga bulo. Sai dai siminti a kan bangon ƙasa cuta ne. Laima takan shige ta bayansa ta rasa hanyar fita, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata damina a wayi gari ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Mutanen Jenne a Mali kuwa kowace shekara gari ne ke fitowa ya yaɓe masallacinsa da laka, ga shi nan tsaye.

Saboda haka kuɗin da ake bai wa ɗan kwangila ya sayo tayil, a ware wani abu daga ciki a bai wa Sarkin Magina da yaransa kafin kowace damina. In babu aikin da za a ba su, ba wanda zai koyi ɗaurin baka, kuma nan gaba ko an samu kuɗin ba za a samu mai yi ba. Masu girma ciyamomi da iyayen ƙasa, in akwai tsohon ofishin En'e na ƙasa a garinku, kafin ku kira mai siminti ku fara kiran magini.