Kusancin Harsuna da Fassarar Kimiyya: Sharhi a kan Harsunan Denmak da Norwe

Akwai masu ra'ayin cewa littafin kimiyya da aka rubuta da harshen Denmak ba ya bukatar ƙwararren mai fassara kafin a mai da shi harshen Norwe, wai don harsunan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Manufar wannan takarda ita ce nuna raunin wannan ra'ayi.

Ra'ayin yana da madogara. Norwe ta kasance ƙarƙashin sarautar Denmak har zuwa 1814, kuma da harshen Denmak ake rubutu a ƙasar a wancan zamani. Daga gare shi Bokmål ya samo asali, watau ɗaya daga cikin daidaitattun hanyoyin rubutu biyu na Norwe. Ɗayar ita ce Nynorsk, wadda Ivar Aasen ya gina a kan karorin harshen karkara. Saboda haka mutumin Norwe yakan karanta rubutun Denmak ba tare da wahala ba.

To, amma kama da wane ba ta wane. A 1814 masanin nan na Denmak, Hans Christian Ørsted, ya ƙirƙiro kalmomin *ilt* da *brint* don iskar oksijin da ta haidirojin, alhali littattafan Norwe *oksygen* da *hydrogen* suke cewa. Haka kuma ƙidayar Denmak daga hamsin zuwa casa'in a kan ashirin-ashirin aka gina ta: *tres* sittin ne, watau ashirin sau uku, *halvtreds* kuwa hamsin. Mutanen Norwe *seksti* da *femti* suke cewa. Mafi haɗari ita ce kalmar *mil*. A tsohon awon Denmak kimanin kilomita 7.5 ce, a Norwe kuwa kilomita 10. Mai fassarar da ya bar ta yadda ya same ta ya sauya sakamakon bincike, kuma mai karatu ba zai gane ba, domin jimlar ta zauna daidai.

Ke nan kusancin shi ne tushen matsalar, domin yana sa mai fassara gyaran ƙa'idojin rubutu kawai, ya bar ma'ana. Wajibi ne duk hukumar da ke neman mai wannan aiki ta tabbatar ya naƙalci fannin da za a fassara, ya san keɓaɓɓun kalmominsa a Norwe, sa'an nan ta fayyace masa tun farko ko Bokmål ake so ko Nynorsk. Iya karanta harsunan biyu kaɗai bai isa sharaɗi ba.