Tarken Dabarar Auna Motsin Jikin Ɗaliban Tuƙin Jirgin Sama: Duba Daga Doha

Tsakure

Maƙalar ta yi tarken dabarar da ke auna motsin hannu da kai da idon ɗalibin tuƙin jirgin sama domin tantance daidaiton tuƙinsa. An ɗauki Doha a matsayin fagen nazari. Matsayar maƙalar ita ce dabarar tana da amfani a hannun malami, amma ba ta isa ta zama alƙalin cin jarrabawa ko faɗuwa ba.

1.0 Gabatarwa

Tunanin auna jikin matuƙi ya daɗe. A 1950, Paul Fitts da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa binciken da suka ɗauki hoton idanun matuƙa 40 yayin sauka, domin gano ma'aunin da suka fi kallo a gabansu. A yau ƙananan na'urori da ake ɗaurawa a wuyan hannu ko kai, da kyamarori a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, suna iya tattara kowane motsi. Hujjar masu goyon baya ita ce ƙwararre yana gyara kaɗan-kaɗan cikin natsuwa, shi kuwa sabon shiga yana yawan fizga, don haka motsi zai nuna ƙwarewa.

Doha wuri ne da ya dace a gwada wannan hujja. A can ne makarantar horar da ma'aikatan jiragen sama ta Qatar take, wadda tushenta ya faro a shekarun 1970, kuma can ne cibiyar Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a 2022. Ke nan ingancin horon da ake yi a can ya shafi fasinjojin ƙasar Hausa kai tsaye.

2.0 Abin da Dabarar ta Dace da Shi

Malamin da ke zaune kusa da ɗalibi ba zai iya lura da ido da hannu da ma'aunai a lokaci guda ba. Na'ura tana iya nuna cewa ɗalibi ya kafa wa ma'aunin tsayi ido ya manta da na gudu, ko ya ƙanƙame sandar tuƙi saboda fargaba. Wannan ya yi daidai da tsarin horo bisa hujja da hukumar ICAO ta fitar da jagoransa a 2013, kuma yana rage son rai wajen ba da maki.

3.0 Raunin Dabarar

Rauni na farko shi ne motsin da ya dace ya danganta da irin jirgi. Qatar Airways shi ne ya fara karɓar Airbus A350 a Disamba 2014, kuma yana amfani da Boeing 777 da 787. Na Airbus ana tuƙa shi da 'yar sanda a gefe, wadda idan an sake ta kwamfuta ke riƙe alkiblar jirgin. Na Boeing kuwa yana da sitiyari a gaba, haɗe da na abokin tuƙi. Ma'auni guda ba zai yi wa matuƙan biyu adalci ba, balle ɗalibin da ke kan ƙaramin jirgi mai farfela.

Rauni na biyu ya fi girma: jiki kansa yana yaudarar mai shi. Idan jirgi ya ƙara gudu da ƙarfi cikin duhu, gaɓoɓin daidaito da ke cikin kunne suna sa matuƙi ya ji kamar hancin jirgin ya ɗaga fiye da kima, sai ya tura shi ƙasa. A ranar 23 ga Agusta 2000, jirgin Gulf Air samfurin A320 da ya taso daga Alƙahira ya faɗa teku kusa da Bahrain da dare bayan ya fasa sauka, mutum 143 suka rasu, kuma rahoton bincike ya ambaci wannan ruɗi cikin dalilan hatsarin. A lokacin Qatar tana cikin ƙasashen da suka mallaki kamfanin. Hannun matuƙi yana aiwatar da abin da ƙwaƙwalwa ta gaskata ne. Ana iya yin motsi mai laushi, ba rawar hannu, alhali zuwa ga halaka ake. Na'urar auna motsi tana ganin yadda aka tura sanda, ba ta ganin dalilin turawar.

Rauni na uku shi ne ɗalibi yakan koyi faranta wa ma'auni rai. Idan ya san ana ba da maki kan ƙarancin motsi, zai yi jinkirin gyara a inda iska mai bugowa daga gefe ke buƙatar gyara mai ƙarfi da gaggawa. Ga shi kuma daidaiton tuƙi yana da ma'auninsa na kai tsaye, wato yadda jirgi ya kauce daga tsayi da gudu da alkiblar da aka umarta, kamar iyakar ƙafa 100 ta tsayi da ake bi a jarrabawar matuƙa a Amurka.

Na huɗu shi ne amana. Rawar hannu ko jinkirin ido na iya tona yanayin lafiyar ɗalibi. Dokar Qatar mai lamba 13 ta 2016 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, kuma Nijeriya ta kafa tata dokar kare bayanai a 2023. Ɗalibin da iyayensa suka kashe dukiya mai yawa a kan horonsa bai kamata a sallame shi bisa adadin da ba a bayyana masa yadda aka samo shi ba.

4.0 Kammalawa

Shawarar maƙalar ga makarantun Doha, da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ita ce a yi amfani da bayanan motsi wajen bitar darasi bayan sauka, a haɗa su da bayanan jirgin da kuma tambayar ɗalibi abin da ya zata yana faruwa a daidai lokacin da ya yi motsin. Hukuncin ƙarshe ya tsaya a hannun malamin da zai sa hannu a takardar, wanda za a iya tuhuma idan ya yi kuskure.